Sunan 'Yar Fari

Tun ranar da Huseina ta ninke fararen kayanta na aiki ta tura su ƙasan akwati, asibiti bai daina zuwar mata ba. Tana cikin surfe sai ta ji warin maganin wanke daɓe yana tasowa daga cikin dusa. Idan ta leƙa ta saman danga da damina, sai layukan geron mijinta, Malam Sama'ilu, su koma mata jerin gadaje, kowanne da mai jego a kwance tana jiran a zo a taɓa mata goshi. Ko 'ya'yanta ba ta taɓa riƙe musu hannu haka kawai ba, sai yatsunta sun zame zuwa wuyan hannun suna neman bugun jini.

Shekara kusan ashirin ta yi a haka. Ba wanda ya tilasta mata barin aiki. Haihuwa ce ta zo bi da bi, ga surukarta kwance tana fama da ciwon shanyewar ɓarin jiki, sai ta duba ta ga inda aka fi buƙatarta, ta zauna. Ba ta yi asara ba. Duk wanda ya ce renon gida zaman banza ne, bai taɓa yinsa ba, kuma bai kamata a saurare shi ba.

Da auta Ummi ta tafi makarantar kwana, gidan ya yi tsit har Huseina tana jin motsin ƙadangaru a kan kwano. A wannan shekarar aka yi shelar ana neman tsofaffin ma'aikatan jinya su dawo, saboda asibitocin karkara sun rasa hannu. Malam Sama'ilu bai hana ba. Ta je Kano ta yi kwas, ta sabunta lasisinta, ta sa tela ya buɗa mata kayan ta gefe, domin jikin da ya ninke su ba shi ne zai sa su ba. Aka tura ta asibitin da ya fi kusa da su, a kan hanyar Bici zuwa Makoda, ɗakin masu jego, a kan za a gwada ta na 'yan watanni kafin a tabbatar da ita.

Shugabar wannan ɗaki kuwa Ramlat ce, 'yarta ta fari.

A gidan su Huseina uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yi masa magana kai tsaye a gaban mutane. Haka uwarta ta yi wa yayanta, haka kakarta ta yi. Ana yaye Ramlat, Inna mahaifiyar Huseina ta goya ta ta tafi da ita Bici, can ta girma, can ta yi karatu. Idan dole ta kama a ambace ta, Huseina takan ce 'yar Inna. Ita kuma yarinyar Yaya take kiran uwarta. Wannan ba ƙiyayya ba ce, kuma mutanen yanzu da suke dariyar abin ba su fi na da son 'ya'yansu ba. Sun dai fi su surutu.

"Sista Huseina, ga shugabarki," in ji Matiron, babbar nas ɗin asibitin, a ranar farko, tana cije dariya. "Ina jin kun taɓa haɗuwa a wani wuri."

Huseina ta ɗaga kai tana duban fankar da ke juyawa a sama.

"Sannu da zuwa, Yaya," Ramlat ta ce. Doguwa ce, ta fi uwarta tsawo, da makullai a rataye a aljihun rigarta.

"Yawwa," Huseina ta ce wa fankar.

Akwai wata mai shara da gyaran gadaje a ɗakin, Amsa, sa'ar Huseina, Babarbariya da aka haifa a nan ƙasar Kano amma ba ta yar da bakin kakanninta na tsokana ba. Ta jingina da sandar gogenta tana kallon su.

"Kai, Fulani!" ta ce bayan an watse. "Ki haifi mutum da cikinki, sannan ki mayar da shi dodo."

"Ni ba Bafulatana ba ce. Kakata ce."

"Ɗigo ɗaya ya isa ya ɓata randa. Mu ai muna haihuwa muke ƙwala wa ɗa kira, don ya san mai shi."

"Shi ya sa duk unguwar da kuka sauka ba a barcin rana."

Daga ranar suka ƙulla, kuma daga ranar Amsa ta zama bakin Huseina. In ana son auduga, sai Huseina ta ce, "Amsa, ki ce wa mai ɗakin nan auduga ta ƙare." In Ramlat tana tsaye a wurin ma haka za a yi, Amsa ta juya ta maimaita, masu jego suna ƙunshe dariya cikin zani.

Aikin ya canja. Na'urar awon jini yanzu da kanta take hura iska ta nuna lamba, ba a sa abin sauraro a kunne. Huseina ta tsaya gabanta kamar baƙuwa a kasuwar da ba ta sani ba. Ramlat ta zo wucewa, ba ta dube ta ba, ta tsaya ta yi wa na'urar magana.

"Duk mai son ya tashe ki, nan zai danna, ya jira ki yi ƙara."

Ta wuce abinta. Huseina ta danna, na'urar ta yi ƙara. Ta ji wani abu mai ɗumi ya taso mata a ƙirji, ta yi sauri ta haɗiye shi.

Sauran kuwa hannunta bai manta ba. Da hantsi, idan rana ta ratso ta tagogi ta kwanta a kan fararen zannuwa, sai ta rasa a wace shekara take. Wani lokaci takan ga kamar ita ce yarinyar nan mai farar hula da agogo a ƙirji, kuma in ta juya za ta ga tsofaffin abokan aikinta da suka daɗe da rasuwa suna tura keken magani. Takan yi tafiya tsakanin gadajen a hankali, kamar mai tafiya cikin ruwa, tana jin tsoron kada wani ya tashe ta ta ga kanta a gindin turmi.

Sai ga ranar da aka kwantar da wata mai tsohon ciki a gadon bakin taga, ƙafafunta a kumbure. Wajen azahar matar ta ce kanta yana sarawa, tana ganin taurari. Huseina ta auna jininta, ta ga lambar ta haura ƙwarai. Ta san abin da ke tafe, jijjiga ce. Ta san allurar da ake yi, ta kuma san tana cikin kabad ɗin da makullinsa ke aljihun Ramlat.

Ta nufi ɗan ofishin Ramlat da sauri. A bakin ƙofa ta ja ta tsaya. Ramlat na zaune tare da Dakta Kamilu da wasu baƙi biyu daga hedikwata. Huseina ta buɗe baki, ta ga idanun maza uku za su juyo su ga uwa tana kiran 'yarta ta fari, sai ƙafarta ta juya da kanta. Ta sami Amsa tana matse tsumma.

"Ki ce wa mai ɗakin nan, in ta sami sarari, ta ɗan leƙo gadon bakin taga."

Haka ake aika wa ɗan fari saƙo, a sassauta shi, a cire masa ƙaya, kada a ga kamar an damu. Amsa ta kai shi yadda aka ba ta. Ramlat ta ce to, ta ci gaba da sallamar baƙi. Kafin ta fito matar ta fara jijjiga, ta tauni harshenta, gadon yana kaɗawa. Allah ya sa an ceto ta, an ceto abin da ke cikinta. Amma ceton nan ba ya wanke kowa. Abin da Huseina ta yi laifi ne, kuma ta san laifi ne tun kafin matar ta buɗe ido.

Da yamma Ramlat ta same ta a ɗakin ajiya tana jera safar hannu. Ta turo ƙofa ta rufe.

"Yaya, ki dube ni."

Huseina ta ci gaba da jerawa.

"To, kada ki dube ni, amma ki ji. Matiron ta tambaye ni yadda aka yi, na gaya mata gaskiya. Ta ce a sallame ki. Na roƙe ta ta bari zuwa ƙarshen wata." Ta jingina da ƙofar. "Ban ce ki rungume ni ba. Ban ce ki tambaye ni ko na ci abinci ba, na saba. Amma ɗakin nan ba zai riƙe nas ɗin da ba ta iya kiran shugabarta ba. Ko ki kira ni, ko ki koma gida."

"Ana iya cewa Sista," Huseina ta ce wa kwalin da ke gabanta.

"Mu nawa ne Sista a asibitin nan? Ke ma Sista ce."

Ta buɗe ƙofa ta fita, makullan suna ƙara a aljihunta.

Malam Sama'ilu yana zaune a gindin ɗorawa yana gyara ƙotar fartanya lokacin da ta ba shi labari.

"To ki kira ta mana," ya ce. "Suna ne fa, ba wuta ba."

"Kai ka taɓa kira?"

Ya sosa ƙeya. "Ni ai Hajiya Ƙarama nake cewa."

"To ka gani."

"Ni ba a asibiti nake aiki ba, Huseina. In na ƙi kiran mutum, gero ba ya mutuwa."

Ta zagaya bayan rumbu, inda ba kowa sai awaki. Ta ce bari ta gwada a nan. Ta buɗe baki, harshenta ya tashi ya taɓa dasashi, ya tsaya. Akuya ta dube ta tana tuƙa. Sai ga ta a wani ɗaki can baya, yarinya ɗanya, kwance ta juya wa duniya baya, ɗakin yana warin hayaƙin wankan jego. Ta bayan katanga tana jin maza sun shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya yana shelar sunan jaririya, mata suna guɗa. Ita kuwa ta ƙura wa bango ido kamar ba da ita ake ba, tana juya sunan a cikin bakinta a ɓoye, kamar yaro da alewa. Tun daga ranar yake nan a ƙarƙashin harshenta. Bai narke ba, bai kuma fito ba.

Ta dawo tsakar gida ta yanke shawara. Za ta ƙarasa watan, ta wanke fararen kayan, ta mayar da su ƙasan akwati. Ta ga ai ta ɗanɗana, ya isa.

Ana saura kaɗan wata ya ƙare aka kawo wata yarinya mai suna Ilham daga wani ƙauye a bayan Makoda, haihuwar fari. Ta sauka lafiya da safe, namiji. Da aka miƙo mata shi sai ta kau da kai ta ja mayafi ta rufe fuska, saboda surukarta na tsaye. Tsohuwar ta yi murmushin jin daɗi, ta karɓi jaririn ta kwantar a gefe. Huseina ta ga wannan, ta juya ta ci gaba da aikinta. Me za ta ce?

Bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas. Surukar ta fita neman ruwan zafi. Amsa ta ɗauki ƙullin zannuwa ta tafi wajen masu wanki. Ramlat ta ɗauki lema ta nufi ɗakin magani da ke can ƙetaren fili, ta bar Huseina ita kaɗai da masu jego. Ruwa ya sauko a kan kwano, da farko kamar ana watsa tsaba, daga baya kamar ana ɓarin tsakuwa. Ɗakin ya yi duhu-duhu, ya yi sanyi. Huseina ta tsaya a taga tana kallon gonakin da suka kewaye asibitin, gero yana sunkuyawa yana tashi, har ta ga kamar ɗakin ya tsinke daga ƙasa yana tafiya da su a kan koren ruwa, ba mai tuƙi, ba kuma wanda ya damu.

"Sista," wata siririyar murya ta ce a bayanta. "Wani barci nake ji mai daɗi."

Ilham ce, tana hamma. Leɓɓanta sun yi fari.

Huseina ta ɗaga zanin da ta rufa da shi. Jini ya jiƙa katifa, yana bin ƙarfen gado yana ɗiga a ƙasa ba ƙara. Ta ɗora hannu a marar yarinyar, ta ji mahaifa ta saki, laushi kamar ƙullu. Ta fara murzawa da ƙarfi, ta danna da ɗaya hannun. In ta ɗaga hannu jinin zai ɓalle. Allurar da ke ɗaure mahaifa tana cikin firiji, firijin a kulle, makullin yana tafiya a tsakiyar fili ƙarƙashin baƙar lema.

Ta taga tana hango Ramlat. Ta haɗu da wasu nas biyu, su uku cikin fararen kaya, suna tsallake kwatami, sun kusa shan kwana.

"Sista!" Huseina ta ƙwala.

Ruwa ya cinye kiran. Wata nas a barandar ɗakin yara ta waigo, ta duba hagu da dama, ta koma ciki.

"Ke! 'Yar Inna!"

Lemar ba ta tsaya ba. Matar gado na kusa ta yunƙura za ta tashi, ɗinkin cikinta ya mayar da ita. A ƙarƙashin tafin Huseina yarinyar tana ƙara nisa, idanunta suna lumshewa.

Ba ta yi shawara da kowa ba, ko da zuciyarta. Ta cika ƙirjinta da iska.

"Ramlat! Ramlatu!"

Muryar da ta fito ba ta san tana da ita ba. Ta ratsa ruwan, ta bugi katangar ɗakin magani ta dawo. Mutum yana jin sunansa ko a tsakiyar kasuwa. Lemar ta tsaya cik. Sai ta faɗi ƙasa, iska ta mirgina ta, ga Ramlat a guje cikin ruwa, takalmi ɗaya ya zauna a taɓo.

"Jini ne," Huseina ta ce, tana kallon ta tsakar ido. "Mahaifa ta saki. Kawo allura, ki sa mata ruwa hannu biyu, ki aika a kira likita."

"To."

"Ramlat, babbar allurar ruwa, jijiyarta ta fara ɓuya."

"Na gani, Yaya. Kada ki ɗaga hannu."

Suka yi aiki kai da kai, numfashin ɗaya a kan kuncin ɗaya. Ruwan sama yana ɗiga daga hijabin Ramlat a kan hannun uwarta. Amsa ta shigo, ta ga abin da ake ciki, ta yar da kwandonta ta ruga kiran Dakta Kamilu. Surukar ta dawo da bokiti ta tsaya a ƙofa tana salati.

"Iya, miƙo jaririn nan," Huseina ta ce mata. "A sa shi a nono, tsotsonsa yana taimaka wa mahaifa ta ɗaure."

Aka kanga shi a ƙirjin Ilham. Yarinyar, ko a wannan hali, ta soma kau da kai.

"Dube shi," Huseina ta ce. "Riƙe shi da kyau, ki dube shi. Kunyar ta jira ki a gida, ba inda za ta."

A hankali abin da ke ƙarƙashin hannunta ya fara tauri, ya dunƙule kamar ƙwallon goruba. Jinin ya ragu, ya koma ɗigo, ya tsaya. Da likita ya iso ya duba, ya ce a nemo jini leda ɗaya a ƙara mata, a bar ta a nan ana lura da ita. Huseina ta ɗaga hannunta, ta ga yatsun sun ƙage, sai da ta buɗe su da ɗaya hannun.

A wajen famfo suka tsaya wanke hannu, kafaɗa da kafaɗa. Ruwan sama ya tsagaita. Yanzu kuma Ramlat ce ta kasa ɗaga ido, tana ta cuɗa sabulu a hannun da ya riga ya fita.

"Ashe kin san sunan," ta ce a hankali.

"Ni na zaɓe shi. Babanki raɗawa kawai ya yi."

Ramlat ta rufe famfon, ta sake buɗewa, ta sake rufewa.

"Gobe aikin safe gare ki," ta ce. "Zan gaya wa Matiron."

"Allah ya kai mu. Je ki nemo takalminki."

Amsa na jiran ta a baranda, ta riƙe ƙugu.

"Wai mu ne masu hana barcin rana! Ke da kika tashi buɗe baki, har mutanen Bici sai da suka amsa. To ni yanzu an kore ni daga aikin kai saƙo ke nan? Wa zai biya ni ladan baya?"

"Je ki goge jinin can, Babarbariya, kin cika ni da surutu."

Ta hau bayan babur ɗin ɗanta Naziru, wanda ya saba zuwa ɗaukarta, suka bi ta cikin gonaki. Ƙasa tana ƙamshi, rana ta leƙo ta ƙarƙashin hadari ta zuba rawaya a kan gero. Huseina ta duba layukan, ta jira su koma gadaje kamar yadda suka saba. Ba su koma ba. Gero ne kawai, jiƙaƙƙe, yana ɗigar da ruwa. Ta taɓa ƙarƙashin harshenta da kan harshen, ta ji wurin fayau.

Malam Sama'ilu na ƙofar gida yana kakkaɓe taɓo daga fartanya.

"Sannu da aiki. Yaya asibitin?"

"Lafiya lau. A jiƙa mini sabulu, zan wanke kayan nan, da su zan koma gobe."

Ya dube ta, ya dubi jan tabon da ke hannun rigarta. "Hajiya Ƙarama fa?"

Huseina ta gyara mayafinta, ta kau da kai wajen rumbu.

"'Yar Inna tana gaishe ka," ta ce, ta shige ciki.